Sunan Shafinka Na Intanet: Da Sunan Wa Aka Yi Rajista?

Na gaji da jin koke iri ɗaya daga bakin 'yan kasuwa, masu makarantu da shugabannin ƙungiyoyi. An wayi gari shafinsu na intanet ya ɓace, wanda ya haɗa musu shi ba ya ɗaga waya, ko ya ɗaga ya ce sai an ƙara masa kuɗi kafin ya sakar musu sunan. Idan ka tambayi mai koken da sunan wa aka yi rajista, sai ya yi kasaƙe yana kallonka, daga baya ya ce, "Ai ni na biya kuɗin." To, a nan gizo ke saƙar. A wannan harka biyan kuɗi daban, mallaka daban, kuma rashin sanin haka ya jawo wa mutane asarar sunan da suka yi shekaru suna tallatawa.

Sunan shafi, wanda masu sana'ar ke kira domen, shi ne adireshin da ake rubutawa a kai ga shafi, kamar bbc.com. Masaukin shafi kuwa, wato hostin, shi ne kwamfutar da ke ajiye hotuna da rubutun. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ce ke kula da tsarin sunayen. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da kundin .com, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke riƙe da .ng na Najeriya. Nijar na da .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Cadi .td, Sudan .sd. Kai kuma ta hannun kamfanin rajista za ka bi, irin su Namecheap, GoDaddy, ko na gida kamar QServers. Iyakar abin da kake bukatar sani ke nan game da tsarin. Sauran maganar ta mallaka ce.

Ga yadda abin ke faruwa kusan kullum. Alhaji ya kira wani matashi ya haɗa wa kamfaninsa shafi. Matashin ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bar min komai, ni zan yi." Alhaji ya tura kuɗi, ya koma harkarsa. Matashin ya buɗe kwamfuta, ya shiga asusunsa na kamfanin rajista, fom ya bayyana a gabansa: sunan mai rajista, adireshi, lambar waya, imel. Maimakon ya tsaya kiran Alhaji yana tambayar imel ɗin da watakila ya manta kalmar sirrinsa, sai ya cika nasa, don lambar tabbatarwa ta shigo wayarsa ya gama da wuri. Aikin ɗan lokaci ne. Daga wannan rana, a wurin kamfanin rajista, matashin nan ne mai sunan. Shi za a aika wa tunatarwar biyan kuɗi, shi zai iya sayar da sunan ko ya mayar da shi wani kamfani. Alhaji kuwa ba a san da zamansa ba, alhali ya buga adireshin a allon shago, a rasit, a jikin mota da kan leda. Tamkar mutum ne ya kama rumfa a kasuwa, ya aiki kafintan da zai buga masa kanta ya karɓo takardar haya, kafinta ya sa sunansa a kai.

Da ka yi wannan bayani sai a fara kawo maka hujjoji. Wani ya ce, "Ɗan yayata ne, ba zai cuce ni ba." Ba sai an yi cuta ake asara ba. Mutumin kirki ma yakan yi tafiya karatu waje, yakan canza sana'a, wayarsa takan faɗi, imel ɗinsa yakan rufe. Kuma rai na hannun Allah: idan ya rasu, iyalinsa ba su san wani asusu ba, balle kalmar sirri. Makarantu masu zaman kansu ma suna faɗawa wannan rami, domin sukan damƙa aikin ga ɗan bautar ƙasa da aka turo musu. Shekara na cika ya tattara ya koma garinsu, ya tafi da makullin shafin makaranta a aljihu ba tare da shi kansa ya lura ba.

Wani ya ce yana da shaidar banki cewa shi ya tura kuɗin. Wannan shaida tsakaninka da wanda ka tura wa ce. Kamfanin rajista bai ga kuɗinka ba, katin wancan ya gani, kuma ba zai ƙwace suna daga hannun abokin cinikinsa ya ba baƙo don ya nuna hoton alat ba. Da yana yin haka, da ɓarayi sun kwashe sunayen mutane tuni.

Wani kuma ya ɗauko takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ya ce ai sunan kasuwancinsa ne, hukuma ta ba shi. Rajistar kamfani a CAC ba ta ajiye maka komai a intanet, kamar yadda rajistar domen ba ta zama rajistar kamfani. Kundi biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya, kuma a intanet wanda ya riga shi ya samu. Gaskiya ne akwai hanyar shigar da ƙara kan wanda ya kama sunan wani da mugun nufi, wadda ICANN ta kafa tun 1999. Amma a cibiyar sasanci ta WIPO da ke Janiba, ɗaya daga cikin wuraren da ake kai irin wannan ƙara, kuɗin shigar da ƙara kaɗai yakan fara daga dala 1,500, ban da na lauya, kuma sai ka tabbatar da cewa kana da haƙƙin alamar kasuwanci a kan sunan, wancan kuma da mugun nufi ya yi rajista yake kuma amfani da shi. Ba don rikicin mai gida da yaronsa aka tsara ta ba. Dubi wannan wahala a kan abin da da ka zauna ka cika fom da hannunka, da ba ta taso ba!

Ɗaya ɓangaren kuskuren shi ne zaton an saya an gama. Ba a sayen domen, hayarsa ake yi, daga shekara 1 zuwa 10 a lokaci guda idan .com ne. Ranar da wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi da imel sukan tsaya. Kamfanin rajista yakan ba da ɗan lokacin sassauci wanda ba ya wuce kwana 45, wasu ma ba sa kai haka. Bayan nan akwai kwana 30 na fansa, inda kuɗin kan ninka sau da yawa, sannan kwana 5 na jira, sai a saki sunan kowa ya ɗauka. Akwai kuwa masu zaman jiran irin wannan rana da na'urori, musamman ga sunan da mutane suka saba ziyarta. Sai ka ga adireshin makarantar Islamiyya ya koma tallar caca ko abin da ya fi haka muni, iyaye suna buɗewa. Sabon mai sunan kuma yana iya karɓar duk wasiƙar da aka aiko wa tsohon adireshin imel na kamfaninka. Kada wani ya ce girma na hana mantuwa: a Disambar 1999 kamfanin Microsoft ya sha'afa bai biya dala 35 na sabunta passport.com ba, masu imel na Hotmail, da ke shiga ta wannan suna, suka kasa shiga akwatinsu, sai wani masanin kwamfuta mai suna Michael Chaney ne ya biya da katinsa.

Akwai masu kutse da sauran hanyoyin asara, amma ba su kama ƙafar wannan sakaci ba.

To, me mai shirin buɗe shafinsa na farko zai yi? Ka fara da imel naka na kanka, wanda kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa, ka haɗa shi da layin waya da kake amfani da shi kullum. Layin da aka ajiye a durowa kamfanin waya kan rufe shi ya sayar wa wani. Da wannan imel za ka buɗe asusu a kamfanin rajista da hannunka. Idan ba ka iya ba, mai haɗa shafin ya zauna kusa da kai yana nuna maka, amma sunanka, lambarka da imel ɗinka su ne a fom, kalmar sirri kuma kai za ka rubuta ta. Abin da yake bukata don aikinsa shi ne saitin da ke haɗa suna da masauki, kuma kamfanoni da dama suna da hanyar ba ma'aikaci izinin taɓa saiti ba tare da an ba shi mallaka ba. Ka duba ko kamfanin yana cikin jerin waɗanda ICANN ta amince da su, ko NiRA idan .ng kake so.

Wajen zaɓen suna, ka zaɓi gajere wanda idan ka faɗa a waya ko aka karanta a rediyo mai ji zai rubuta daidai ba tare da ya tambaye ka ba. Ka guji ƙaramin layi a tsakiya, da lambobi, da haruffa masu lanƙwasa, domin ba kowace waya ke da su ba. Kada ka raɓi sunan wani sanannen kamfani da tunanin jan jama'a, irin wannan ne ake ƙwacewa cikin sauƙi. Idan cinikinka a Najeriya yake, .ng ko .com.ng ba su da wani aibi, kuma da naira ake biya, ba ruwanka da neman katin dala ranar sabuntawa. Wasu rukunan kamar .gov.ng da .edu.ng an keɓe su ga hukumomi da manyan makarantu, sai da takardu.

Farashin da za ka duba shi ne na sabuntawa, ba na shekarar farko ba. Sunan .com yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 20 a shekara, kuma kamfanin rajista kansa yana biyan Verisign sama da dala 10 a kan kowane suna. Don haka wanda ya ba ka a dala 1 bana, ka san baɗi zai fanshe. Kafin ka danna biya, ka leƙa kwandon sayayya ka cire tarkacen da aka cusa maka ba ka nema ba. Idan kamfanin masauki ya ce ya ba ka suna kyauta, ka tambaya da sunan wa za a rubuta, da kuma nawa za ka biya idan za ka tashi da shi. Masu neman na banza su tuna da kamfanin Freenom, wanda ya yi shekaru yana raba .tk, .ml da .ga kyauta. A 2023 ya daina karɓar sabuwar rajista, Mali da Gabon suka karɓe nasu, wato .ml da .ga, ɗimbin shafuka suka mutu, masu su kuma ba su da ta cewa domin tun asali ba a mallaka musu ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bayan ka biya za a aiko maka da wasiƙar tabbatar da imel. Ka danna ta nan take, domin a kan irin su .com idan kwana 15 suka wuce ana dakatar da sunan. Ka sa bayanan gaskiya, tunda ranar rikici da su za a gwada katin shaidarka. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, amma kada ka dogara da ita kaɗai, katin banki ma yana da wa'adi. Ka rubuta ranar ƙarewa a kalanda da wata guda kafin ta, in da hali ka biya shekara biyu ko uku gaba. Ka kunna makullin hana ƙaura da tabbatarwa mai mataki biyu. Duk wasiƙar da ta zo tana cewa sunanka zai mutu gobe, ka danna nan ka biya, kada ka taɓa ta. Ka rubuta adireshin kamfaninka da hannu ka shiga ka duba. Ƙungiya ko makaranta kuma ta yi amfani da imel na ofis wanda aƙalla shugabanni biyu suka san shi, a sa shi cikin takardar miƙa mulki kamar yadda ake sa asusun banki.

Wanda ya riga ya buɗe shafi, ya gwada kansa yau: zai iya shiga asusun rajista ya ga sunansa da ranar ƙarewa ba tare da ya kira kowa ba? Idan amsar a'a ce, ya nemi wanda ya yi masa aikin yanzu da ake ga-maciji, cikin lalama, ya buɗe nasa asusun a mayar masa da sunan. Idan kamfani ɗaya ne, turawa ce kawai daga asusu zuwa asusu. Idan wani kamfani za a koma, sai a karɓi lambar ƙaura, sai dai a sani ba a barin sabon suna ya tashi kafin kwana 60. Kada a bari sai an ɓata, domin a ranar faɗa farashin sakin suna ba shi da iyaka.

Ku kuma 'yan'uwa masu haɗa shafuka, ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya ce maka bai san komai ba, ka yi masa, amana ya ba ka. Idan kana bin sa kuɗin aiki, ka rubuta yarjejeniya tun farko, ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka fara, ka bi haƙƙinka ta hanyar da ta dace. Riƙe sunan kasuwancin bawan Allah a matsayin garkuwa don ya ci gaba da dawowa wurinka zalunci ne, kuma shi ke sa mutane suna gudun ba matasanmu aiki. Ka rubuta sunan mai abu a kan abinsa, ka koya masa yadda zai shiga, ka miƙa masa bayanan a rubuce ranar da ka kammala aiki.