«Demur»: tsayawar da ke cin kuɗi

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa fiddo kaya daga tashar jiragen ruwa ta Ikko ya san «demurrage», ko da ba ya jin Ingilishi. Kuɗin jinkiri ne da kamfanin jirgi ke karɓa kowace rana, in kwantena ta wuce kwanakin da aka yafe mata. A Kwatano da Lome «surestaries» ake ce masa. Amma kaɗan ne suka san kalmar da ta haife shi, wato «demur», wadda ko Turawan Ingila ba su cika faɗinta a hira ba.

Tushenta Latin ne, inda «mora» ke nufin jinkiri. Daga nan Faransanci ya samu «demeurer», da «moratoire», da «mise en demeure» da kowane ma'aikacin gwamnati ya sani, wato takardar gargaɗi ga wanda ya makara da biya. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, har da wannan. A lokacin ma'anarta ita ce dakatawa, mutum ya daɗe wuri guda.

Da tafiya ta yi tafiya, dakatawar ta tashi daga ƙafa ta koma baki. Yau in aka ce «he demurred», ana nufin an kawo wa mutum magana ya ja baya, ya nuna cikin ladabi akwai abin da bai kwanta masa ba. «Without demur» kuwa shi ne amincewa nan take, ba musu.

A nan ya kamata mai ciniki da waje ya yi hattara. In abokin hulɗa ya rubuto cewa ya yi «demur» kan farashi, bai amince ba, bai kuma rufe ƙofa ba: tayi na biyu yake jira. Wanda ya ɗauka an sallama, ya yi odar mota, zai yi hasara. Wanda ya ɗauka an ƙi, ya yi shiru, kwanaki na tafiya, kuɗin jinkiri na hauhawa. Masu kayan da suka maƙale a Kwatano sa'ad da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 sun ɗanɗani wannan. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.