Gyare-gyaren da Manhajojin Lissafin Jari Ke Bukata

A zamanin da idan mutum ya zuba kuɗi a wata harka, littafi yakan samu ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Yanzu kuwa an ƙirƙiro manhajoji, watau tsare-tsaren da ake sa wa kwamfuta ko wayar hannu, su riƙa yi wa mutum wannan lissafi. Irin su Quicken da Microsoft Money sun daɗe da fitowa a Amurka, yau kuma ga waɗansu nan birjik a wayoyinmu. Suna da amfani ƙwarai, amma yawancinsu adadin nairorin da mutum ya tara kawai suke faɗa masa. Ba su cika gaya masa ko dukiyarsa ta ƙaru da gaske ko ta ragu ba. Ga gyare-gyare biyar da nake ganin ya kamata a yi musu.

Na farko, a sa manhaja ta riƙa auna riba da tsadar kayayyaki. A watan Disamba na 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin kaya a Nijeriya ya hau da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. To, a ce wani ya zuba naira 100,000 a farkon wannan shekara, da ta ƙare kuɗinsa ya zama 120,000. Manhaja za ta nuna masa ribar 20,000, ya yi ta murna. Alhali kuwa kayan da zai saya da 100,000 a farkon shekara sun koma 134,800 a ƙarshenta. Watau abin da ke hannunsa bai wuce ƙarfin naira 89,000 na farkon shekara ba. Ashe hasara ya yi bai sani ba. Ya kamata manhaja ta jera lambobi biyu, ribar da ke kan takarda da ribar gaskiya, bayan ta cire la'adar dillali da harajin kashi 10 cikin ɗari da ake yankewa daga ribar hannun jari.

Na biyu, a buɗe wa dukiyar gida wuri. Waɗanda suka tsara manhajojin nan sun fi sanin hannun jari da takardun lamuni da ajiyar banki. Amma jarin iyayenmu da yawa yana cikin ragon da ake turkewa don babbar salla, da buhunan masara ko wake da ake ajiyewa tun kaka, da fili, da zinariyar uwargida, da adashi. Ya kamata mutum ya iya shigar da rago da kuɗin da aka saye shi, sa'an nan ya riƙa ƙara kuɗin dusa da harawa da magani. Ran da aka sayar, sai lissafi ya fito sarai. Haka nan mai ajiyar hatsi zai sa kuɗin buhu da dako da maganin ƙwari. Ta haka ne zai iya gwada ribar kiwonsa da ribar sukuk, wato takardar jarin da ba ta da kuɗin ruwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 a kan naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Na uku, a sa manhaja ta riƙa bin sawun ribar da kamfanoni ke rabawa. Mutane da yawa sun sayi hannun jarin bankuna wajajen 2004 da 2005, lokacin da Babban Banki ya umurci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, har yawan bankuna ya sauko daga 89 zuwa 25. Da kasuwa ta faɗi a 2008, sai da yawa suka jefa takardun cikin akwati suka manta. Tun daga nan waɗansu bankunan sun haɗe, waɗansu sun sake suna, masu hannun jari kuma sun yi ƙaura, takardun biyan riba suna ta zuwa tsohon adireshi. A 2023 hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, watau SEC, ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Ga shi kuwa tun 2015 an kawo tsarin da ake zuba wa mutum ribarsa kai tsaye a asusunsa na banki, muddin ya cika fom. Da manhaja za ta iya gane sabon sunan kamfani daga tsohonsa, ta faɗi ofishin rajistar da ke riƙe da sunayen masu hannun jarinsa, ta kuma tuna wa mutum ranar rabon riba, da kuɗi masu yawa sun koma hannun masu su.

Na huɗu, a sa lissafin zakka da bayanin magada. Zakkar kuɗi kashi biyu da rabi ce cikin ɗari idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo mata, amma da kalandar Hijira ake ƙidayar shekarar, wadda ta gaza ta Turawa da kwana goma zuwa goma sha ɗaya. Nisabin shanu 30 ne, na tumaki da awaki 40. Wannan lissafi ba zai gagari na'ura ba, in ya so abin da ya shige wa mutum duhu ya kai wa malamai. Har ila yau, ya kamata manhaja ta iya fitar da takarda guda mai nuna duk inda mutum ya ajiye dukiya, ya damƙa wa wani amini. Sau da yawa marayu suna shan wahala alhali mahaifinsu ya bar abin da ba wanda ya san inda yake.

Na biyar, a sauƙaƙe ta, kuma a bar wa mutum lissafinsa a hannunsa. A yi ta da Hausa, ta kuma yi aiki ko babu intanet, domin ba ko'ina ake samun sabis ba, kuɗin data kuma ba wasa ba ne. Sa'an nan a ba mutum damar kwafe bayanansa ko buga su a takarda duk lokacin da ya so. Dalili kuwa, manhajoji ma suna mutuwa. An daina sayar da Microsoft Money a 2009, an kuma rufe Mint a 2024, masu amfani da su suka shiga neman inda za su kai lissafin shekaru. Haka kuma kada manhaja ta nemi lambar sirrin katin banki, domin aikinta lissafi ne kawai.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana masu sha'awar ilmin kwamfuta da lissafi da su dubi wannan aiki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a samu irin wannan manhaja kuwa, kowannenmu yana iya taimakon gida tun wannan hutu. Mu nemi izinin iyaye a fito da tsofaffin takardun hannun jari, mu rubuta sunan kowane kamfani da yawan hannun jarin da shekarar da aka saya, sa'an nan mu raka su banki ko wurin dillali mai rajista a cika fom ɗin karɓar riba. Allah ya sa albarka a cikin abin da iyayenmu suka tara.