Me ya sa sautin sifika ke canjawa bayan sabunta manhaja?

Masu sifikar zamani kan lura murya ta canja bayan na'urar ta karɓi sabuwar manhaja ta intanet, abin da ake kira mise à jour da Faransanci. Dalili kuwa shi ne akwai ƙaramar kwamfuta a cikinta. Manhajarta ce ke daidaita kauri da sirantakar sauti, ta kuma ƙayyade iyakar ƙara don kada sifikar ta fashe. Da zarar kamfani ya taɓa wannan lissafi, kunne zai ji bambanci.

Wani lokaci riba ce. A shekarar 2021 Apple ya ƙara wa sifikar HomePod damar kunna waƙoƙin Apple Music da fasahar Dolby Atmos. Amma a 2019 wata sabuntawa ta kashe wasu HomePod ɗin, har kamfanin ya janye ta.

Saboda haka, inda wuta ke yawan ɗaukewa, gara a jira ta tsaya kafin a fara, domin katsewa a tsakiya na iya lalata na'ura. In sauti ya canja, a fara duba saitin kauri kafin a nufi mai gyara.