Rabon Lokaci da Fahimtar Tambaya a Jarrabawar Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi yakan faɗi jarrabawa alhali ya san darasinsa, domin lokaci ya ƙare masa kafin ya kai ga tambayar da ta fi maki. Wannan maƙala za ta duba matsalar ta hanyar misali guda, wato jarrabawar ilimin halayyar ɗan Adam da hukumar AQA ke shirya wa ɗaliban ƙarshen sakandare a Ingila.

Lissafin lokaci

Jarrabawar takarda 3 ce, kowace ana rubuta ta cikin awa 2, kuma tana ɗauke da maki 96. Idan aka raba minti 120 a kan maki 96, kowane maki zai samu minti ɗaya da kwata. Ke nan tambaya mai maki 4 rabonta minti 5 ne, doguwar tambaya mai maki 16 kuwa minti 20. Ɗalibin da ya ɓata minti 12 a kan tambayar maki 4 ya ci bashin minti 7, kuma doguwar tambayar ce za ta biya.

Kalmar umarni

Nan ne sha'awar mai nazarin harshe take. Aikatau ɗin da ya buɗe tambaya shi ke fayyace aikin da ake bukata. Idan an ce a bayyana, kawo abin da mazhaba ta ƙunsa ya wadatar. Idan an ce a tattauna, sai an auna ƙarfinta da rauninta da hujja. A yawancin tambayoyi masu maki 16, maki 6 ne kawai na bayani, sauran 10 na aunawa ne. Saboda haka wanda ya cika shafi biyu da haddar darasi zalla bai wuce maki 6 ba, komai kyawun rubutunsa.

Bita kafin jarrabawa

Fannin da kansa ya nuna yadda ya kamata a yi bita. A 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta mabambanta ta fi karatun dare ɗaya. A 2006 Roediger da Karpicke sun gano cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi masu sake karantawa riƙe shi bayan mako guda.

Kammalawa

Wannan lissafi yana yi wa mai shirin bakaloriya a Nijar amfani shi ma. Kafin ya ɗora alƙalami, ya raba mintocinsa a kan makin kowace tambaya, ya ja layi ƙarƙashin aikatau ɗin umarni, ya kuma ware ƴan mintoci na ƙarshe domin duba abin da ya rubuta.