Masai Ujiri: Daga Filin Wasa na Zariya Zuwa Shugabancin Ƙungiya a NBA

A ƙasar Amurka akwai tsarin da kwalejoji da jami'o'i ke ɗaukar matashi su ɗauke masa kuɗin karatu, wani lokaci har da masauki da abinci, shi kuma ya riƙa buga musu wasa a gasannin da ake yi tsakanin makarantu. Ta wannan ƙofa baƙi da dama suka shiga ƙasar, kuma a cikin 'yan Nijeriya an fi tunawa da Hakeem Olajuwon, wanda ya buga ƙwallon kwando a Jami'ar Houston, da Christian Okoye na Inugu, wanda ya je Jami'ar Azusa Pacific a 1982 a matsayin mai jifan faifai, ya ƙare a ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, wato wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Sai dai wanda labarinsa ya fi kusa da matasan Kurfi da Dutsin-Ma na jihar Katsina shi ne Masai Ujiri, domin a Zariya ya tashi.

An haife shi a Bournemouth ta Ingila a 1970, lokacin da iyayensa ke karatu a can, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa kuma likita 'yar ƙasar Kenya, kuma yana ɗan shekara 2 suka dawo gida suka zauna a Zariya. Kamar sauran yaran Arewa, tamaula ya fara bugawa, sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, inda ya samu horo a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan ya tafi Amurka, ya yi shekara biyu yana buga wa kwalejin Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa, wurin da sanyinsa ke sa hunturun Katsina ya zama abin wasa. Irin wannan kwaleji ta shekara biyu tsani ce da ɗalibi ke takawa kafin babbar jami'a, amma da Ujiri ya koma Jami'ar Jihar Montana da ke Billings, zango ɗaya kawai ya yi ya bar ta, ya shafe kimanin shekara shida yana buga wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai.

Gaskiyar magana ita ce bai yi fice a matsayin ɗan wasa ba, kuma bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta duniya, ba. Abin da shekarun suka ba shi shi ne sanin mutane da idon gane yaro mai baiwa tun kafin sunansa ya fito. A 2002 ya fara yi wa ƙungiyar Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa, wato yawo ƙasa-ƙasa ana kallon matasa ana rubuto rahoto a kansu, kuma kyauta ya yi aikin, da kuɗin aljihunsa yake biyan jirgi, yana kwana a gidajen abokai. Bayan shekara guda Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi, ya wuce Toronto Raptors ta Kanada, sannan a 2010 Denver ta dawo da shi a matsayin babban manaja, mai yanke shawarar wanda za a saya da wanda za a sallama. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a manyan wasannin Amurka, kuma a 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajan shekara, ya koma Toronto a shekarar.

A Toronto ne ya yanke hukuncin da ya fi jawo masa surutu, domin a 2018 ya ba da DeMar DeRozan, wanda magoya baya ke matuƙar ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda ke fama da rauni kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. A 2019 ƙungiyar ta doke Golden State Warriors ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta, kuma cikin waɗanda suka taka rawa har da Pascal Siakam na Kamaru, wanda shi ma ta kwalejin Amurka ya bi, aka ɗauko shi a matsayi na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016. Leonard ya tafi bayan kofin, Ujiri kuwa ya ci gaba har zuwa watan Yunin 2025 da suka rabu da ƙungiyar.

Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa tare da abokinsa Godwin Owinje, tana shirya sansanonin horo, kuma a 2021 ta yi alƙawarin gina filaye 100 a nahiyar. Tunda fili da koci a harabar jami'a ne suka fara ɗora shi a hanya, ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su riƙa buɗe filayensu ga yaran Kurfi da ƙauyukan kewaye, su kuma sama musu masu horarwa.