Tashe da Dusashewar Rediyon Intanet: Darasi Daga Birnin Kudu da Gwaram

Sanin kowa ne cewa a shekarun 1990 magidanta a Birnin Kudu da Gwaram sukan kewaye akwatin rediyo da safe da dare domin jin halin da ƙasa ke ciki daga Sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka. A daidai wannan lokaci ne aka haifi rediyon intanet. Carl Malamud ya fara shi a Amurka a 1993, sannan a 1995 manhajar RealAudio ta ba mai kwamfuta damar sauraron murya tun ana cikin aiko ta.

Siyasa ce ta fito da amfaninsa fili. A Disambar 1996 gwamnatin Milosevic ta rufe gidan rediyon B92 a Belgiret, sai ma'aikatansa suka riƙa tura labarai ta intanet zuwa Amsadam. Tashoshin ƙetare suka ɗauka suka mayar da su cikin ƙasar ta iska, gwamnati ta janye cikin 'yan kwanaki.

To, me ya sa 'yan adawar Janar Sani Abacha suka kafa Rediyo Kudirat a 1996 a kan gajeren zango? Amsar tana cikin kimiyya. Igiyar gajeren zango takan doki wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa, ta game dubban kilomitoci kamar ruwan sama. Ko mutum goma ke saurare ko miliyan, kuɗin watsawa ɗaya ne. Shi kuwa rediyon intanet tamkar ban-ruwan lambu yake: kowane mai sauraro sai an ja masa nasa layin, yawan jama'a yawan kashe kuɗi. Bugu da ƙari, a wancan lokacin yana buƙatar kwamfuta da wayar tarho da lantarki, alhali manomin Gwaram batura biyu sun ishe shi.

Zuwan wayar salula a 2001 da buɗe tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom Radio ta Kano a 2003 sun kawo muhawarar siyasa kusa da gida. Daga baya Facebook da saƙon murya na WhatsApp suka gaje aikin ƙananan tashoshin intanet. Sai dai an yi asarar edita mai tace labari, don haka tantance gaskiya ya koma wuyan mai sauraro.