Ma'aikatan da ba ka biya da ɓarayin da ba ka gani a cikin kandamin kifinka



Akwai kukan da muka saba ji daga sababbin shiga harkar nan: mutum ya zuba 'ya'yan kifi 1,000 a kandamin ƙasa, bayan sati uku ya ja koma ya tarar ko rabi ba su kai ba, kuma bai ga gawa ko ɗaya ta taso ba. Daga nan sai zargi, ko mai gadi, ko yaran unguwa, ko wanda ya sayar masa da irin. Sau da yawa ba ɗaya daga cikinsu. Ɓarawon yana cikin ruwan, kuma bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A cikin ruwan nan dai kuma akwai wasu ƙananan halittu da za su iya rage maka kuɗin abinci in ka san yadda ake renonsu. Kafin mu shiga kandami, bari mu leƙa teku, domin a can ne aka fi ganin wannan al'amari ƙarara.

ƊAN JATAN LANDE MAI WANKE BAKIN KIFI

A tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya da ke gaban Jidda, da gaɓar Zanzibar, da Indonesiya, da yankin Karebiyan, akwai duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. Ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka. Masu nutso da tukunyar iska a baya suna biyan kuɗi mai yawa don kawai su je su kalli abin da ke wurin.

Cikin abin da suke zuwa kallo akwai wata dabba da ake kira anemoni. In ka gan ta sai ka rantse fure ne, amma dabba ce da ke manne da dutse, tana da yatsu masu yawa masu harbi. Ƙaramin kifin da ya yi gangancin taɓa ta ya zama abinci. To a tsakiyar waɗannan yatsu masu dafi wani ɗan jatan lande yake zaune. Tsawonsa santimita 2 zuwa 3 ne, jikinsa garai-garai kamar gilashi, da ɗigo-ɗigon fari da shuɗi. Dafin ba ya yi masa komai, kuma ba mai iya biyo shi ciki.

Wasu daga cikin irinsa sana'a gare su. Zai fito bakin gidansa yana rangaji yana kaɗa dogayen gashin bakinsa, kamar mai shago yana kiran ciniki. Sai babban kifi, wanda loma ɗaya zai yi da shi, ya zo ya tsaya cak, ya buɗe baki da marfin kunnuwansa. Ɗan jatan landen ya hau jikinsa, ya shiga har cikin baki, yana tsince ƙwayoyin da ke shan jininsa da matacciyar fata. Kifi ya samu lafiya, shi ya samu abinci. Duk wanda ya taɓa ganin carki a bayan sa yana cire masa kaska ya riga ya gane karatun.

Kar ku ɗauka labarin kallo ne kawai, manyan masu kiwo sun mai da shi jari. A Nowe, masu kiwon kifin salmon a cikin keji suna zuba wasu ƙananan kifaye na musamman don su cinye ƙwarƙwatar da ke addabar salmon ɗin. A Ostireliya, masu bincike a Jami'ar James Cook sun gwada jatan lande mai sharar jiki a kan kifin kiwo, suka ga yana rage ƙwayoyin da ke manne wa kifin, har da ƙwansu.

ABIN DA YA FARU A KOGIN SENEGAL

Ga misali daga nan Afirka ta Yamma. A shekarar 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama kusa da bakin Kogin Senegal. Akwai wani babban jatan lande na kogi wanda dole sai ya gangara ruwa mai ɗan gishiri kafin 'ya'yansa su rayu, sannan su hauro. Madatsar ta tare masa hanya, ya yi ƙaranci a sama. Ashe shi ne ke cin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Cikin 'yan shekaru tsargiya ta ɓarke a garuruwa irin su Richard Toll. A 2015 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi a ƙauyen Lampsar, inda aka mayar da jatan landen a wata mashaya: dodon koɗi masu cutar suka ragu, kamuwar mutane ma ta ragu.

Wannan jatan landen ba abin da za ka hayayyafa a Anka ba ne, tunda ba mu da ruwan gishirin da 'ya'yansa ke buƙata. In wani ya zo maka da wannan tallar, riƙe kuɗinka. Darasin dai shi ne, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kowane ruwa yana da ƙananan ma'aikata da ƙananan ɓarayi, kandaminka ma haka.

MA'AIKATAN KYAUTA

Na farko su ne ƙananan tsirran da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, waɗanda ke mai da ruwa kore. Da rana suna samar da iskar da kifi ke shaƙa, kuma karfasa tana tace su ta ci. Na biyu su ne ƙananan dabbobin da ke cin waɗancan tsirran, irin su moina da dafniya. Dangin jatan lande ne na nesa, girmansu kamar ƙwayar yashi. Su ne abincin farko na jariran kifi. Jaririn tarwaɗa yakan gama shanye guzurin da ke cikinsa a kwana 3 zuwa 4, daga nan sai ya nemi abu mai motsi wanda ya yi daidai da bakinsa. Shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke sayen atimiya ta gwangwani da tsada. Ita ma atimiyar ƙwan wani ɗan jatan lande ne na ruwan gishiri, mai yawa daga cikinta daga wani tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ake kwaso ta.

Kana son ka san ko kana da waɗannan ma'aikata? Ɗebi ruwan kandaminka a farar kwalba da sassafe ko da dare, ka haska ta da tocila. In ka ga wasu 'yan ɗigo suna tsalle-tsalle, to ma'aikata sun zo aiki.

Yadda ake kiransu kuwa, a nan mai kaji ya fi kowa sa'a. Ka samu busasshen kashin kaji, ka zuba a buhu, ka ɗaure ka rataya a gefen kandami cikin ruwa. Kar ka watsa shi warwas, domin wanda ke buhu kana iya cire shi in ya isa. Cikin kamar mako guda ruwan zai fara kore, lokacin sanyin hunturu kuma yakan ɗan ƙara jinkiri. Kar ka sa kashin kajin da suke kan magani ko waɗanda cuta ta shiga.

Awon ba ya buƙatar na'ura. Tsoma hannunka a ruwa. In tafin hannunka ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, ruwan ya yi. In kana hango shi tar har ka wuce gwiwar hannu, ruwan bai ƙoshi ba, ƙara taki. In ya ɓace tun a wuyan hannu, ya yi yawa, cire buhun ka sabunta wani ɓangare na ruwan. Kar ka yi wasa da wannan, domin tsirran nan da ke ba da iska da rana su ne ke shanye ta da dare. Shi ya sa kifi ya fi mutuwa da asuba. In ka zo bayan sallar asuba ka tarar karfasa sun taso suna haki a saman ruwa, an kai gargara. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, saboda haka takan jure, amma juriya ba girma ba ce.

Gaskiya ɗaya: koren ruwa ya fi amfani ga karfasa, da bargi, da jariran tarwaɗa a kandamin ƙasa. Mai manyan tarwaɗa cunkushe a tankin siminti ko tamfol, shi dai abincin buhu da canjin ruwa ne nasa. Amma tunda abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kifi, duk abin da ruwa ya ciyar maka kyauta riba ce.

ƁARAYIN

Babbansu ɗan mazari ne. Mazarin nan mai fukafukai huɗu da kake gani yana shawagi yana tsoma jela a ruwa, ƙwai yake sakawa. Ɗansa yana zaune a cikin taɓo, launinsa irin na taɓon, yana da leɓe mai naɗewa da yake harbawa ya cafko jaririn kifi. Akwai kuma ƙwaron da ke iyo a rigingine, da buzuzun ruwa da 'ya'yansa, da wani babban ƙwaro mai faɗi da ke soke kifi ya tsotse shi. Duk waɗannan ba sa barin gawa da za ka gani.

Sai kwaɗi. Manyan suna haɗiye 'ya'yan kifi, talibambo kuma suna cinye abincin da ka zuba. Sai matsattsaku da ƙwarƙwatar kifi masu shan jini. In ka ga kifinka yana goga jiki a bango ko yana zabura ba dalili, kama ɗaya ka duba jikinsa da kunnuwansa. Sai kifin daji. Mu da ke bakin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka mun san yadda ruwa ke malala cikin fadama a Agusta da Satumba. Tarwaɗar daji guda ɗaya mai girman tafin hannu in ta shigo maka, ta ishe ka asara.

Na ƙarshe ba kifi yake ci ba, kai yake nema: ƙaramin dodon koɗin da ke manne da ciyawa da ganyen bado. Shi ne masaukin tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga. Nome ciyawar bakin kandami, sa takalmin roba, hana yara wanka da fitsari a ciki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

YADDA ZA KA RIGA SU

1. Bayan kowace kwasa, busar da kandami har ƙasa ta tsage. Wurin da ya ƙi bushewa ka barbaɗa masa layim.
2. Ɗaura gidan sauro ninki biyu a bakin bututun da ruwa ke shigowa.
3. Kewaye kandamin reno da raga mai ƙananan ido ko langa-langa, ka binne gindinta, sannan ka rufe sama da raga saboda mazari da tsuntsaye.
4. Ka daidaita lokaci. Abincin ruwa yakan kankama kwana 5 zuwa 7 bayan cikawa da sa taki, ƙwarin kuma suna biyo baya. Kar ka cika kandami ka bar shi wata guda kana jiran iri, gida kake gina wa ɓarayi. Yi magana da mai iri tukuna, sannan ka cika.
5. In sabon shiga ne kai, sayi waɗanda suka tasa, wato jubenayil. Sun fi tsada, amma sun fi ƙarfin bakin ƙwari.
6. Kar ka kuskura ka zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona. Zai kashe ɓarayi da ma'aikata tare, ya bar guba a kifin da mutane za su ci. Kar kuma a wanke tankin feshi a inda kake jan ruwa.

MAGANA TA MUSAMMAN GA YANKINMU

Ba wanda ya manta 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Masu binciken da suka zo sun ji daga bakin mutanen gari cewa kafin yara su fara mutuwa, agwagi ne suka fara ƙarewa, amma ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin gargaɗi. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka kar wanda ya ga tsohon ramin haƙar zinare ya cika da ruwa ya ce ya samu kandami a ɓagas. Haka kududdufin da aka taɓa wanke ƙasar ma'adinai a ciki, da wanda kwata daga wurin niƙan dutse ke gangarowa. A nan gwajin kwalba da tocila ba zai cece ka ba: dalma ba ta da wari, kuma ruwa yana iya yin kore shar da ƙwari suna iyo alhali tana kwance a cikin taɓonsa. Tarwaɗa kuwa a taɓo take kiwo. In kana da shakku a kan wuri, a kai ruwan da taɓon ɗakin gwaji kafin ka sa ko naira ɗaya, ko kuma ka nemi wani wurin. Mai son zurfafa ilimin ruwa da ƙyanƙyasa kuma, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, tana New Bussa a jihar Neja, kuma tana horar da makiyaya.

Aikin wannan makon ba ya cin ko sisi. Gobe da asuba ka je bakin kandaminka da farar kwalba, da tocila, da ɗan yankin gidan sauro. Duba ko kifi na haki, tsoma hannu ka auna kore, haska kwalba, sannan ka ja gidan sauron ta cikin ciyawar gefe ka zazzage a faranti. Abin da ka gani a farantin nan, ka ɗauki hotonsa ka turo mana, mu taya ka tantance ma'aikaci da ɓarawo.

Allah ya sa albarka a kiwo, ya ba yankinmu zaman lafiya.